Littafin Kula da Tsohuwar Mota: Hanyar Zuwa Kilomita 400,000

9 ga Maris, 2024. Kilomita 331,240.

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta duk abin da aka yi wa motata, da ranar da aka yi shi, da adadin da agogon kilomita ya nuna a wannan rana. Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2004, mai injin 1ZZ-FE, silinda huɗu, lita 1.8, wanda sarƙa ce take juya masa taimin maimakon bel. Na saye ta a hannu a shekarar 2016 tana da kilomita 148,000, kuma tun daga lokacin ita ce ke kai ni wurin aiki, ta kai yara makaranta, ta ɗauko kaya, ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba. Abin da na sa a gaba shi ne ta kai kilomita 400,000 ba tare da an sauke injinta ba.

Dalilin fara rubutun shi ne abin da ya faru makonni biyu da suka wuce. Ina shan kwana sai jar wutar man inji ta ƙyafta sau ɗaya ta ɗauke, da na tsaya na zaro sandar gwajin mai, sai na tarar ko bakinta bai jiƙe ba. Na daɗe ina yi mata ciko, amma da aka tambaye ni lita nawa take sha a cikin kilomita nawa, ban iya ba da amsa ba. Masu ba ni shawara sun rabu gida biyu: wasu sun ce in sayar da ita tun tana da daraja, wasu kuma sun ce a yi mata ringin. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya auna komai, ni ma ban auna ba, kuma ba na son in yanke hukunci a kan motar da ta yi mini hidimar shekara takwas da zato kawai.

Saboda haka na tsara yadda zan riƙa auna man. Wuri ɗaya zan riƙa ajiye ta, inda ƙasa take a shimfiɗe, in duba da safe kafin a tayar da ita, in cika har alamar sama da kofi mai ma'auni, sannan in rubuta abin da na zuba. Yau an yi mata juye, an sa sabuwar filta, an zuba mai nau'in 5W-30.

23 ga Maris, 2024. Kilomita 332,150.

A cikin kilomita 910 ta ci mililita 550, wato kusan lita ɗaya a duk kilomita 1,650. Wannan ya fi abin da nake tsammani, sai dai adadin bai faɗa mini ko ƙona man take yi ko zubar da shi ba, kuma maganin kowanne daban ne.

Ni da bakanikena mun wanke injin tas, muka bar shi ya bushe, na yi tafiyar rabin awa na dawo, sannan muka bi shi da tocila. Nan take muka ga yoyo a wuri biyu. Gaskit ɗin murfin saman inji ya bushe har ya zama kamar itace, da bakaniken ya lanƙwasa shi sai ya karye gida uku a hannunsa, ga kuma mai kwance a ramin fulogi na biyu. Wuri na biyu shi ne ƙaramar robar da ke zagaye da abin da ke ɗaure sarƙar taimin, a bayan inji, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi. Daga can man yake gangarowa ya bi jikin inji har ƙasa, shi ya sa a da kowa ke cewa yoyon daga tukunyar mai yake. An canja su duka biyun, aka kuma canja ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururi daga cikin inji, domin da muka girgiza tsohon bai yi ƙarar komai ba, alamar ya toshe. Idan wannan bawul ya toshe, matsi yana taruwa a cikin inji ya riƙa tura mai ta duk inda ya sami rauni.

Tun da fulogai suna waje, muka auna ƙarfin matsi na kowace silinda, injin yana da ɗumi, totur a buɗe. Ta ɗaya ta ba da 178, ta biyu 175, ta uku 164, ta huɗu 176, duka a ma'aunin psi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi goma cikin ɗari, kuma tamu ta tsaya wajen kashi takwas. Muka ɗiga cokali ɗaya na mai a silinda ta uku muka sake aunawa, sai ta haura zuwa 179. Man ya toshe ratar da ke tsakanin ringi da bangon silinda na ɗan lokaci, wannan ya nuna raunin daga ringi yake. Da daga bawul ne, adadin ba zai motsa ba.

20 ga Afrilu, 2024. Kilomita 334,100.

Kilomita 1,950, mililita 900. Wato yanzu lita ɗaya tana kai ta kusan kilomita 2,170, kuma ƙasan inda take kwana a bushe yake. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na man da nake asara a ƙasa yake zuba, sauran kuwa ƙona shi take yi.

Na zauna da bakaniken muka yi magana mai tsawo. Ra'ayinsa a fili yake: "Malam, in dai so kake ta daina sha gaba ɗaya, sai an sauke an sa sabon ringi. In kuwa ba ka shirya ba, mu zuba mata mai kauri, hayaƙin zai ragu." Ban karɓi ko ɗaya ba, kuma na gaya masa dalilina. Ringin ƙasa na fistin aikinsa shi ne ya kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi ta ƙananan ramuka zuwa tukunya. Idan ana jinkirta juye, gawayin mai yana daskarewa a nan, ringin ya maƙale, ramukan su toshe, man da ya kamata ya koma ƙasa ya hau sama ya ƙone. Na san akwai shekaru biyu da na riƙa ja wa juye lokaci har kilomita 10,000, kuma ina kyautata zaton a lokacin ne abin ya kafu. Mai kauri ba ya buɗe ramin da ya toshe, yana ƙara jinkirin isar mai saman inji a farkon tashi da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, sannan wannan injin da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul.

Game da saukewa kuwa, lissafi na yi. Kuɗin buɗe injin ya kai na man cikon shekaru masu yawa, kuma injin da yake da wannan matsi, ba ya ƙara, ba ya yin zafi, bai cancanci a buɗe shi ba tukuna. Na rage tazarar juye zuwa kilomita 5,000, kuma na sa wa kaina iyaka a rubuce: ranar da ta koma shan lita ɗaya a kilomita 1,000, ko wata silinda ta sauka ƙasa da 150, za a sake magana.

1 ga Yuni, 2024. Kilomita 336,900.

Wutar cek injin ta kama ranar Talata, motar kuma ta fara rawa a silo da sassafe, sai ta yi ɗumi ta daidaita. Na sayi ƙaramar na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota tun a watan jiya, irin wadda ake sokawa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan tsari, OBD-II, ya zama wajibi ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Tarayyar Turai kuma tun 2001 ga masu amfani da fetur, saboda haka kusan duk motar hannu da mutum zai gamu da ita yau tana da shi. Lambar da ta fito ita ce P0171, ma'anarta iska ta yi wa fetur yawa a cakuɗen da ke shiga inji.

Wani da na nuna wa lambar ya ce famfon fetur ne, wani ya ce nozul, wani ya ce sensar salansa. Kowanne yana iya zama gaskiya, kuma da na bi su ɗaya bayan ɗaya da na sayi kaya uku kafin in kai ga wanda ya lalace. Lambar tana faɗin abin da ƙwaƙwalwa ta gani ne kawai, ba ta faɗin abin da ya jawo shi. Inji mai fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi, kuma idan cakuɗen ya kauce, ƙwaƙwalwa takan ƙara ko ta rage fetur domin ta gyara, na'urar kuma tana nuna yawan wannan gyara. A silo na ga tana ƙara kashi 22 cikin ɗari. Da na taka totur injin ya kai juyi 2,500 a minti, sai adadin ya sauko zuwa kashi 6. Da famfo ne ya gaji, da matsalar ta ƙaru lokacin da inji ya fi buƙatar fetur. Raguwar da ta yi ta nuna cewa wata iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, wadda a silo take da tasiri saboda iskar halal kaɗan ce, amma da an buɗe totur sai ta nitse a cikin iska mai yawa.

Washegari da safe, injin da sanyinsa, bakaniken ya riƙa fesa ruwa kaɗan kaɗan a mahaɗar bututun iska da kan silinda, ni kuma ina zaune a ciki ina kallon na'urar. Da ya kai wajen silinda ta huɗu sai sautin injin ya canja, adadin ya faɗi, bayan daƙiƙa kaɗan ya sake hawa. Gaskit ɗin wurin ne ya shanye ya lafe, da sanyi yana barin rata, da zafi kuma kayan su kumbura su rufe ta, wanda shi ne dalilin da rawar take ɓacewa bayan minti goma. Aikin bai kai awa biyu ba. Yau kwana huɗu ke nan adadin yana tsakanin kashi 2 da 4, wutar ba ta dawo ba.

13 ga Yuli, 2024. Kilomita 339,800.

Birkin gaba ya ci, an canja. Abin da ya fi damuna shi ne man birki, wanda ya yi baƙi, kuma ban tuna ranar da aka taɓa zubar da shi ba. Wannan mai yana tsotsar danshi daga iska, kuma nau'insa da ake kira DOT 3 idan sabo ne ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 aƙalla, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen digiri 140, ga shi a doguwar gangara birki yana yin zafi sosai. An zubar an sa sabo a ƙafafu huɗu. Tayoyin baya suna da sauran zane, sai dai lambar da ke gefensu ta ƙare da 3717, wato an yi su a mako na 37 na 2017, kuma ƙananan tsage sun bayyana a jikinsu. Na canja su.

17 ga Agusta, 2024. Kilomita 342,150.

Wannan ce rana mafi haɗari ga motar tun da na fara littafin. Ina cikin cunkoso sai na ga allurar zafi ta ɗaga daga inda ta saba tsayawa, ta doshi sama. Na kunna hita har ƙarshe domin ta ɗebe wa inji zafi, na samu gefe na tsaya na kashe ta kafin allurar ta taɓa ja. Ban buɗe murfin lagireto ba sai bayan minti arba'in, domin ruwan da ke ciki yana ƙarƙashin matsi, kuma matsin ne ke hana shi tafasa har wajen digiri 120. Wanda ya buɗe da zafi, ruwan zai tafasa a fuskarsa nan take. Saman lagireton, wanda na roba ne, ya tsage tsawon ɗan yatsa kusa da bakin tiyo.

Kan silindar wannan inji na alminiyam ne, kuma zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙona gaskit ɗin da ke ƙarƙashinsa. Tsohon inji yana iya jure shekaru yana shan mai, amma ba ya jure minti goma babu ruwa. An sa sabon lagireto, da sabon murfi, da tiyo biyu, da famfon ruwa tun da mun ga busasshen sawun yoyo a ƙarƙashinsa. Yaron garejin ya ɗauko tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa har sai inji ya yi ɗumi, zai jefar, yana cewa ita ce ke sa mota zafi. Na hana shi, na sa aka kawo sabuwa. Tamostat ɗin wannan inji tana fara buɗewa ne wajen digiri 82, kuma idan aka cire ta injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da zuba fetur mai yawa, fetur ɗin ya wanke mai daga bangon silinda, ringin da nake lallaɓawa ya ƙara lalacewa.

Bayan an haɗa komai mun gwada ruwan lagireto da shuɗin ruwan nan da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji yana shiga cikinsa. Ya tsaya shuɗi. Na daɗe ban ji sanyi a raina kamar na wannan lokaci ba.

5 ga Oktoba, 2024. Kilomita 345,400.

Ƙanena ya sami aiki mai nisa da gida, yana buƙatar mota, kuma abin da ya tara ba mai yawa ba ne. Ya roƙe ni in raka shi nema, saboda haka littafin zai ɗauki wannan ma. Tun kafin mu fita na gaya masa cewa kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin ba na sayen mota ba ne, na gyaran watan farko ne, domin motar da aka saya da araha tana zuwa da bashin gyaran da mai ita ya ƙi biya. Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, in na cire wannan, abin da ya rage ba zai sayi wadda nake so ba." Na ce masa gaskiya ne, amma wadda yake so, in ta tsaya a mako na uku babu kuɗin tayar da ita, ƙafa zai koma.

Mun ga uku yau. Ta farko mun tarar an riga an tayar da ita, bonet da ɗumi, ko da yake na roƙa a waya a bar ta da sanyinta, kuma mai ita bai yarda mu dawo da safe ba. Ƙarar sarƙa, da shuɗin hayaƙin farkon tashi, da wahalar kamawa, duk a tashin farko ake jin su. Ta biyu fentinta yana ƙyalli, amma maganaɗisun da na naɗe a ƙyalle ya ƙi kama gefen ƙofar baya, ga burbushin fenti a kan robar gilashi, ratar ƙofar kuma ta fi faɗi a sama. Ta uku lafiyayya ce, kuɗinta ne ya fi ƙarfinmu.

19 ga Oktoba, 2024. Kilomita 346,300.

Motar yau ita ce ta fi kowace kyau a ido, kuma farashinta ya yi ƙasa da na takwarorinta har abin ya sa ni shakka. Agogonta ya nuna kilomita 118,000. Ƙanena ya riga ya zauna a kujerar direba yana shafa sitiyari, dillalin kuma yana cewa, "Yallaɓai, wannan ko juye ba ta buƙata, hawa kawai za ku yi."

Na fara da lambar shasi. Tun 1981 lambar tana da harufa da alƙaluma 17, babu I, babu O, babu Q a cikinsu, kuma dole wadda ke ƙarƙashin gilashin gaba ta yi daidai da ta jikin ginshiƙin ƙofa da ta takarda. Sun yi daidai. Sai dai robar fedar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo a gefe, sitiyarin ya yi santsi a inda hannu ke kamawa, gefen kujerar direba ya lotsa, kuma waɗannan ba alamun kilomita 118,000 ba ne. Motata ba ta kai wannan hali ba sai da ta haura 250,000.

Cikinta yana tashin turare mai ƙarfi, ƙarƙashin turaren kuma akwai wani wari kamar na rigar da aka ninke da danshi. Na durƙusa na tura kujera baya, sai na ga layin dogon da take gudu a kai ya yi tsatsa, haka ma notocin da suka riƙe ta, wurin da ruwan sama ba ya kaiwa. Na jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, a kusan kamu biyu na ƙarshe akwai layi mai ruwan ƙasa da ya ratsa shi. Na ɗaga kafet ɗin but na cire safaya, na shafa yatsa a lungun ramin, ya fito da laka mai laushi kamar gari. Soket ɗin waya da ke ƙarƙashin kujera ya yi kore. Ambaliya ce ta shanye wannan mota har saman kujeru, aka busar da ita aka wanke. Irin wannan tana iya tafiya lafiya wata shida, sannan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe jakar iska ta kunna wuta, kuma babu bakaniken da zai ce ga ƙarshen abin.

Na soka na'urata duk da haka domin ƙanena ya gani. Babu lambar matsala ko ɗaya, amma gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta, na kataliza mai tace hayaƙi da na sensa, duk sun nuna ba a kammala su ba. Hakan yana faruwa ne idan an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan, kuma sai an yi tafiya mai ɗan tsawo suke kammaluwa. Muka yi sallama muka tafi. A hanya ƙanena bai ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ya tambaye ni yadda ake karanta wannan shafi na na'urar.

9 ga Nuwamba, 2024. Kilomita 347,700.

Mun saya. Honda Civic ce ƙirar 2003, injin D17 mai lita 1.7, giyar hannu, kilomita 236,000. Fentin rufinta ya ƙone, madubin hagu ya tsage, akwai lotsawa a bamba, kuma waɗannan ne suka sauko da farashinta, alhali babu ɗayansu da ke hana tafiya. Mai ita dattijo ne da ya riƙe ta shekara goma sha ɗaya, ya fito mana da ambulan cike da rasiɗan juye, kilomitan da ke jikinsu suna hawa a jere ba tare da tsalle ba. Mun same ta da sanyi, ta kama a murɗa ɗaya, babu hayaƙi. A giya ta huɗu da ƙaramin gudu na taka totur har ƙasa, juyin inji bai tsere wa gudun mota ba, wato kuloci bai fara zamewa ba. Na kwanta a ƙarƙashinta na bi shasi da sukuddireba ina dannawa, ƙarfe ne ko'ina.

Abu ɗaya ne babu shi a ambulan: shaidar canja bel ɗin taimin. Dattijon ya ce yana jin an taɓa canjawa, amma bai tuna yaushe ba, kuma na yaba masa da bai ƙirƙiro rana ba. A wannan inji, idan bel ya tsinke ana tafiya, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su. Daga wurinsa gareji muka wuce kai tsaye, a hankali.

30 ga Nuwamba, 2024. Kilomita 349,100.

An canja wa Civic bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa, tun da bel ɗin ne ke juya famfon kuma aikin buɗewa ɗaya ne. Tsohon bel ɗin ya tsattsage a gindin haƙora. An daidaita ratar bawul, an canja man inji, man giya, man birki da ruwan lagireto. Kuɗin da muka ware ya tafi saura kaɗan.

Akwai abin da ya wuce ni ranar saye. Ƙanena ya ajiye ta kwana uku, da ya zo tayarwa sai batir ya mutu. Batirin yana nuna bolt 12.6 idan an caje shi, altaneto yana ba da 14.1, saboda haka laifin ba nasu ba ne. Muka sa mita tsakanin batir da wayarsa, mota a kashe, sai muka ga tana jan miliamfiya 380, alhali abin da aka saba gani bai wuce 50 ba. A kwana uku wannan ya haura amfiya-awa 27, fiye da rabin ƙarfin ƙaramin batirinta. Muka riƙa zare fiyus ɗaya ɗaya, adadin bai sauka ba, sai da muka bi wata jar waya da ba ta kamfani ba, daga kan batir har bayan dashbod, inda muka tarar da tsohuwar na'urar ƙararrawa naɗe da salatif. Dattijon kullum yake hawa motar, shi ya sa bai taɓa lura ba. Na ga wannan waya ranar da muka je, ban tambaya ba, kuma na ƙara ta cikin abubuwan da zan riƙa dubawa.

15 ga Fabrairu, 2025. Kilomita 354,300.

Corolla ta kunna wuta kuma, wannan karon P0420, wato kataliza ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata. Na yi tsammanin zuwan wannan rana. Man inji yana ɗauke da sinadaran zinc da fosfaras domin kare ƙarfe, kuma idan inji yana ƙona mai, tokarsu tana lulluɓe saƙar da ke cikin kataliza a hankali. Sensar da ke bayanta, wadda ya kamata ta tsaya kusan wuri ɗaya, yanzu tana hawa da sauka. Babu yoyo a salansa, motar ba ta rasa ƙarfi a hawa ba, saboda haka ba ta toshe ba, ta gaji ne. An ba ni shawarar a fasa ta a zubar da cikinta, na ƙi, domin hayaƙin da zai fito ni da yarana da na bayanmu ne za mu shaƙa. Wannan kuɗi ne da ban sa a lissafin watan Afrilu ba, kuma dole in amsa cewa ya rage wa hujjata ƙarfi, ko da yake bai rushe ta ba: ko an yi ringin yau, katalizar ta riga ta gaji.

Mutane kan kawo labarin Irv Gordon, malamin makarantar nan na jihar New York da ya sayi Volvo P1800 a 1966 ya haura mil miliyan uku da ita a 2013, wato fiye da kilomita miliyan 4.8, kafin rasuwarsa a 2018. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an buɗe injin wannan mota an sabunta cikinsa a tsawon tafiyar. Inji abin gyarawa ne muddin jikin da ke ɗauke da shi yana da ƙarfi, shi ya sa yau na sa aka ɗaga tawa sama na duba ƙarƙashinta da kaina. Na sami tsatsa a mahaɗar ƙarfen baya na dama da kuma kan bututun birki guda ɗaya. Ta ƙarfen ta sama ce, an kankare an shafa maganin tsatsa. Bututun kuwa ya fara ƙuraje, an canja shi.

8 ga Maris, 2025. Kilomita 355,810.

Shekara ɗaya, kilomita 24,570, juye biyar, ciko lita 11. Shan man ya tsaya tsakanin kilomita 2,050 da 2,200 a lita tun watan Afrilu, bai ƙaru ba. Mun sake auna matsi da safiyar yau: 177, 174, 162, 175. Silinda ta uku ta sauka da maki biyu, sauran da ɗaya ɗaya, kuma duka suna nesa da iyakar da na sa. Civic ta yi kilomita 7,400 a hannun ƙanena ba ta nemi komai ba sai kwan fitila, kuma shi ma ya buɗe nasa littafin.

Saura kilomita 44,190, kusan wata 22 idan tafiyata ba ta canja ba. Na yi odar sabuwar kataliza, za a sa ta a juye mai zuwa, a kilomita 359,000. Kafin nan akwai wani gurnani da ya fara fitowa daga ƙafar baya ta hagu da zarar gudu ya wuce 70, yana ƙaruwa idan na karkata dama, kuma ina zargin boris ne. Ranar Asabar za mu ɗaga ƙafar mu juya ta da hannu mu ji.